Sikeli da Wasa: Sally Grantham-McGregor da Yadda Ya Kamata a Auna Tasirin Bincike a Kan Ƙwaƙwalwar Yara

A jami'o'inmu, idan malami ya nemi ƙarin girma, abin da kwamiti yake fara dubawa shi ne yawan maƙalun da ya wallafa, da darajar mujallun da suka buga su, da kuma sau nawa wasu masana suka ambace shi a nasu rubutun. Tun da Jorge Hirsch ya fito da dabararsa ta lissafin ambato a 2005, ana iya dunƙule aikin mutum na tsawon rayuwa a mayar da shi lamba ɗaya. Wannan awo yana da amfaninsa, domin yana rage son kai da sanayya wajen yanke hukunci. Amma a fannin lafiyar yara, musamman abin da ya shafi tunaninsu da halayyarsu, yana da wata naƙasa da ba a cika faɗa ba: lissafin ambato yana kammala a cikin shekara biyu ko biyar, shi kuwa yaron da aka yi binciken a kansa sai ya shekara ashirin kafin a san abin da aka yi masa ya zauna ko ya bi ruwa. Ra'ayina shi ne, a wannan fanni, tasirin bincike na gaskiya yana bayyana ne a wurare biyu: ko sakamakon ya tsaya bayan an koma an duba yaran sun girma, da kuma ko ya ci gaba da aiki bayan ya fita daga hannun masu binciken ya shiga hannun ma'aikatan gwamnati. Ban san aikin da ya fi na Farfesa Sally Grantham-McGregor dacewa da gwada wannan ra'ayi ba, domin ya ci jarrabawar farko ci mai ban mamaki, ta biyun kuwa har yau ana kan yi.

Grantham-McGregor likitar yara ce 'yar Birtaniya, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana aiki a Jami'ar West Indies da ke Kingston, babban birnin Jamaika, kafin ta koma Cibiyar Lafiyar Yara ta Landan. Sashen da ta yi aiki a cikinsa, wanda John Waterlow ya kafa a shekarun 1950, ya yi suna a duniya wajen gano yadda ake ceto yaron da tamowa ta kai shi bakin mutuwa. A can aka ƙware wajen sanin irin abincin da za a fara ba shi, da yawan da jikinsa zai iya ɗauka, da yadda nauyinsa zai dawo. Abin da ya ja hankalinta shi ne abin da sikeli ba ya nunawa. Yaron da ya yi tamowa mai tsanani yakan kwanta shiru, ba ya wasa, ba ya murmushi, ba ya bin mutane da ido. A sallame shi ya yi ɓulɓul, amma idan aka gwada fahimtarsa da maganarsa sai a tarar yana bayan sa'o'insa, kuma tazarar ba ta rufuwa da kanta. A shekarun 1970 ta fara gwada shirin wasa da irin waɗannan yara a asibiti, sannan a bi su gida bayan sallama. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 1980. Yaran ba su da yawa, kuma ba da ƙuri'a aka raba su ba, don haka mai shakka yana da hujjar yin shakka.

Wannan giɓi ne binciken 1986 zuwa 1987 ya zo ya cike. An bi unguwannin talakawa na Kingston gida-gida, aka zaɓo yara 129 masu wata 9 zuwa 24 waɗanda suka tsumbure, wato tsayinsu ya gaza abin da ya dace da shekarunsu saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci da yawan rashin lafiya. Aka raba su gida huɗu da ƙuri'a. Rukunin farko ana ba su kilo ɗaya na garin madara kowane mako. Na biyu, ma'aikaciyar lafiya ta unguwa tana zuwa gidansu sau ɗaya a mako ta yi awa ɗaya tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta. Na uku sun sami duka biyun. Na huɗu ba su sami ko ɗaya ba, sai kulawar asibiti kyauta wadda dukkan yaran suka samu. Haka aka yi ta yi har shekara biyu. A gefe kuma aka riƙa bin wasu yaran unguwannin da ba su tsumbure ba, domin a sami abin kwatance.

Yana da kyau a tsaya a kan wannan awa ɗaya, domin ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita ce abin da aka fi saurin tsallakewa idan ana ba da labarin. Matan da suke zuwa gidajen ba likitoci ba ne, ba kuma masu digiri ba ne. Ƙananan ma'aikatan lafiya ne da aka horar, ake kuma sa ido a kan aikinsu a kai a kai. Kayan wasan da suke kaiwa na gida ne, an yi su da robar ruwa, da murafu, da ƙyallaye, da kwali, sai ƙananan littattafan hoto. A bar wa yaro abin wasa ya kwana bakwai da shi, mako mai zuwa a musanya da wani wanda ya ɗan fi wuya. Ma'aikaciyar ba ta zuwa don ta yi wasa da yaro uwa tana kallo. Takan nuna, sai ta miƙa wa uwa ta gwada, ta yaba mata idan ta yi daidai. Ana ƙarfafa wa uwa ta riƙa kiran sunayen abubuwa lokacin wanka da cin abinci, ta amsa wa yaro idan ya yi gwaranci, ta yaba masa idan ya yi ƙoƙari, ta rage duka da tsawa. Awa ɗaya ce a cikin awa 168 na mako. Sauran duk na uwa ne, kuma tsarin ya san da haka.

A 1991 aka buga sakamakon farko a Lancet. Madara ta yi amfani, wasa ya yi amfani, waɗanda suka sami duka biyun kuwa sun kamo yaran da ba su tsumbure ba a ma'aunin ci gaban ƙwaƙwalwa. Da a nan aka tsaya, da maƙalar ta sami ambato mai yawa, da kuma duniya ta tafi da darasin da bai cika ba. Amma Grantham-McGregor da abokan aikinta, musamman Susan Walker da Christine Powell da Susan Chang, sun ci gaba da neman yaran nan: suna da shekara 7, da 11, da 17, da 22, har da 31. Kowace komawa ta gyara abin da aka fahimta a baya. A shekara 7 amfanin duka hanyoyin biyu ya ragu sosai, har mutum zai iya cewa aikin ya tashi a banza. A shekara 11 sai hoton ya fito fili: tasirin madara a kan ƙwaƙwalwa ya ɓace, na wasa kuwa yana nan. Daga nan bai sake ɓacewa ba.

A nan ne binciken ya tsallaka daga fannin abinci ya shiga fannin lafiyar tunani, abin da ba don shi aka tsara shi tun farko ba. Lokacin da yaran suka kai shekara 17 zuwa 18, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa sun fi takwarorinsu iya karatu da sanin kalmomi, kuma, kamar yadda aka wallafa a mujallar likitocin Birtaniya a 2006, alamun ciwon damuwa da fargaba sun fi ƙaranci a tare da su, sun fi ganin kimar kansu, iyayensu kuma sun fi ba da shaidar cewa suna iya tattara hankalinsu wuri ɗaya. A shekara 22 an tarar ba su cika shiga faɗa da tashin hankali ba kamar sauran. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a birni irin Kingston, inda rikicin 'yan daba ya daɗe yana cin matasa. A shekara 31 ma bambancin bai gushe ba: kaifin basira, ƙarancin alamun damuwa, da ƙarancin ta'ammali da kayan maye. A asibitocinmu likitan yara yana nasa sashe, likitan ƙwaƙwalwa yana nasa, sau da yawa ma a wani gari dabam. Rayuwar waɗannan yara ta nuna cewa abin da aka yi ko aka kasa yi a ɗakin awon jarirai yana iya fitowa bayan shekara goma sha biyar a matsayin damuwa ko natsuwa.

Duk da haka, abin da ya kai binciken teburin ministocin kuɗi wani ne dabam. A 2014 mujallar Science ta buga nazarin da Paul Gertler da James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2000, suka yi tare da masu binciken Jamaika. An sami 105 daga cikin yara 129 bayan shekara ashirin, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin ɗari, har sun kamo waɗanda ba su taɓa tsumburewa ba. Wannan lamba ta zagaya duniya. Ba na ƙin ta. Hujja ce mai ƙarfi, kuma masu raba kasafin kuɗi da harshen kuɗi ake yi musu magana. Sai dai ina ganin asara ce a bar ta ta rufe sauran. Matashin da bai faɗa cikin damuwa ba, bai ɗauki makami ba, ya ci ribar da ta isa a yi aikin dominta ko da albashinsa bai ƙaru da sisin kwabo ba.

Me ya sa wasa ya daɗe, madara ta gushe? Dole a yi hattara a nan, don kada wani ya fita da cewa abinci ba shi da muhimmanci. Masu binciken da kansu sun bayyana cewa madarar takan shiga cikin sauran 'yan gida, duk da an ƙara wa iyalin garin masara don a hana hakan, kuma babu uwar da za a zarga don ta raba abinci tsakanin 'ya'yanta masu jin yunwa. Ga kuma binciken da aka yi a ƙauyuka huɗu na Gwatamala daga 1969 zuwa 1977, inda aka tarar mazan da suka sha kunu mai gina jiki kafin su cika shekara biyu sun fi sauran samun ladan aiki da kashi 46 cikin ɗari bayan sun girma. Abinci yana aiki idan ya isa cikin yaron da wuri kuma da yawa. Bambancin da nake gani shi ne, ranar da aka daina kawo madara ta ƙare ke nan, amma uwar da ta saba hira da ɗanta ba ta dainawa don ma'aikaciya ta daina zuwa. Yaron da ya saba a amsa masa yakan ƙara tambaya, mai yawan tambaya yakan shiga makaranta da ƙafar dama, malami ya lura da shi, abu ya yi ta hawa kan abu. Wani gwaji da Helen Baker-Henningham ta jagoranta a Jamaika, aka buga a 2005, ya nuna cewa irin wannan ziyara tana rage alamun damuwa a wurin su kansu iyaye mata. Ke nan mutum biyu ake yi wa magani a lokaci ɗaya.

Ta fuskar takardun hukuma, tasirin aikin a bayyane yake. A 2007 Grantham-McGregor ta jagoranci maƙalar farko a jerin da Lancet ta fitar kan ci gaban yara, inda aka haɗa alƙaluman tsumburewa da na talauci aka ƙiyasta cewa fiye da yara miliyan 200 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasashe masu tasowa ba za su kai inda ƙwaƙwalwarsu za ta iya kaiwa ba. Kafin nan, ma'aunin nasara a lafiyar yara kusan ɗaya ne: nawa suka mutu, nawa suka rayu. Wannan ƙiyasi ya tilasta a ƙara tambayar halin da rayayyun suke ciki. A cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa don jinyar tamowa mai tsanani a asibiti, na tara shi ne wasa da yaro da nuna masa ƙauna, minti 15 zuwa 30 a kowace rana, kuma zanen kayan wasan da ke cikin littafin jagoran daga hannunta ya fito. A 2018 Hukumar, tare da UNICEF da Bankin Duniya, ta ƙaddamar da tsarin renon yara wanda ya sa amsa wa yaro da koyo tun yana ƙarami a sahu ɗaya da lafiya da abinci da tsaro.

Yanzu sai jarrabawa ta biyu, kuma a nan ne mai adalci zai sassauta murya. Yara 129 ba su da yawa. Idan aka raba su huɗu, kowane rukuni bai wuce talatin da 'yan kai ba, wasu sun ɓace, wasu sun yi ƙaura zuwa Amurka da Ingila inda albashi ya fi na Jamaika nesa ba kusa ba, abin da ya sa sai da masu nazarin suka yi ta gyare-gyaren lissafi. Gini mai tsayi ne a kan ƙaramin tushe. Hanyar da za a tabbatar da shi ita ce a maimaita a wasu wurare, kuma an maimaita. A Bangladesh, ƙarƙashin Jena Hamadani, an sami sakamako mai kyau, har da lokacin da aka shigar da shirin cikin ƙananan asibitocin gwamnati. A Kolombiya an gwada shi a garuruwa 96 ta hannun matan unguwa da ke cikin shirin tallafin gwamnati. Da aka kammala an ga ci gaba a fahimta da harshe, amma da aka koma bayan shekara biyu ba a tarar da bambanci ba. A Peru, inda gwamnati ta mayar da shi shirin ƙasa mai suna Cuna Más tun 2012, an sami amfani amma ɗan kaɗan idan aka kwatanta da na Kingston. Kusa da mu, a Jamhuriyar Nijar, an haɗa horar da iyaye da shirin tallafin kuɗi na gwamnati. Wannan ba manhajar Jamaika ba ce, amma manufar ɗaya ce. Nazarin da masanan Bankin Duniya suka yi ya nuna iyaye sun canza yadda suke reno, yara sun ɗan inganta ta fuskar mu'amala da natsuwa, amma ba a ga canji a tsayinsu ko a ma'aunin fahimtarsu ba.

Wasu za su ce wannan ya rushe da'awar. Ni a ganina ya fayyace ta ne. Allurar rigakafi iri ɗaya ce ko a hannun wa take, muddin an adana ta da sanyi. Ziyarar wasa kuwa ingancinta yana ga mai ziyarar: an horar da ita sosai ko kwana uku aka yi mata, gida nawa aka ɗora mata, ana biyan ta a kan kari, akwai mai zuwa ya ga yadda take yi ya gyara mata. Da zarar shiri ya faɗaɗa, waɗannan ne abubuwan da ake fara tsukewa. Abin yabo ga Grantham-McGregor da abokan aikinta shi ne ba su ɓoye wannan ba, kuma sunanta yana cikin marubutan rahoton Kolombiya da ya nuna gushewar tasirin. Sun tattara manhajar da littattafan horarwa a ƙarƙashin sunan Reach Up domin wasu ƙasashe su ɗauka su daidaita da al'adunsu, sun kuma shiga neman hanyar rage tsada. A jihar Odisha ta Indiya sun gwada tara iyaye mata rukuni-rukuni maimakon bin su gida-gida. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna amfanin kusan ɗaya ne, kuɗin kuwa dala 38 ga kowane yaro a shekara maimakon dala 135. Masanin da ya bi sakamakonsa har inda ya yi rauni ya wallafa raunin, ya yi wa fanninsa hidimar da lissafin ambato ba ya bambanta ta da ta wanda ya buga labari mai daɗi ya wuce.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57, jihohin Kebbi da Jigawa sun haura 60. A Nijar adadin ya kusa rabi. Irin yaran da aka bi gida-gida ana nema a Kingston, a wasu garuruwanmu su ne mafi yawa. An sami ci gaba na gaske wajen ceto rai: tun bayan yunwar 2005 a yankin Maraɗi, abincin gyaɗar nan na cikin leda, Plumpy'Nut, ya sa ana iya jinyar mafi yawan masu tamowa a gida, uwa tana zuwa awo mako-mako, ana zagaya damtsen yaro da tef, idan ya gaza santimita 11.5 a sa shi cikin shiri. Amma wannan nasara ta zo da wani giɓi. Mataki na tara an rubuta shi ne don yaron da ke kwance a asibiti. Yanzu da jinya ta koma gida, layi ya yi tsawo, ma'aikaci ɗaya yana fama da mata ɗari, abin da ake rubutawa a kati nauyi ne da faɗin damtse. Babu gurbin da ake tambayar ko yaron ya fara kiran sunan wani abu.

Kwafo manhajar Jamaika yadda take ba zai wadatar ba. An gina ta ne a kan uwa da ɗanta, mu kuwa a gidajenmu reno aikin mutane da yawa ne. Yarinyar da ta yi haihuwar fari, a gidan da ake riƙe da alkunya, ba za ta zauna gaban surukarta tana yi wa ɗan fari wasa da kirari ba. Sau da yawa ko sunansa ba ta kira. Wanda yake yini da yaron kaka ce, ko yayarsa 'yar shekara takwas da ke goye da shi, ko abokiyar zaman uwar. Lokacin yaye kuma akan kai shi wani gida gaba ɗaya, a daidai watannin da binciken ya nuna sun fi muhimmanci. Duk shirin da bai shigar da kaka ba, bai kuma nemi yardar maigida ba, a zaure zai tsaya. A ɗaya ɓangaren, ba daga fanko za a fara ba: akwai tawai da waƙoƙin reno, akwai tatsuniya, akwai 'yar tsana da motar kara da caki, akwai kuma dubban matan da suka koyi shiga gida-gida a lokacin yaƙi da shan-inna, waɗanda matan aure suka riga suka saba da fuskokinsu. Tsarin rukuni irin na Odisha yana iya dacewa da ranar awo, lokacin da matan suka riga suka taru suna jiran a kira su.

Abin da ya rage shi ne gwaji na ƙasar Hausa wanda aka tsara tun ranar farko da niyyar komawa. Hakan yana nufin a raba garuruwa da ƙuri'a, a yi amfani da ma'aikatan da gwamnati take biya maimakon na aro, a fassara ma'aunan fahimta da na damuwa zuwa Hausa a tabbatar suna auna abin da ake nufi, a kuma rubuta sunan kakan kowane yaro da unguwarsu da mai unguwarsu, domin yaron da aka auna a Ɓaɓura ko Tasawa yana da wata goma sha biyu yana iya kasancewa a Legas ko Agadas yana da shekara ashirin. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa da za su iya wannan aiki tare. Matsalar ita ce matashin malamin da ya ɗauke shi zai ga sa'o'insa sun tara maƙalu talatin daga tambayoyin da aka raba a ɗakin jira, shi kuwa yana da uku, kuma babbar maƙalarsa sai ya kusa ritaya za ta fito. Kwamitocin ƙarin girma da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund su ne ke da ikon gyara wannan, ta hanyar ba wa kafa irin wannan rukunin yara da riƙe shi maki na kansa, da kuma ware kuɗin komawa a shekara ta biyar da ta goma tun a cikin tallafin farko.